Dare Talatin Ƙarƙashin Samaniyar Ɗan Isa: Nasiha ga Matasa

Ya ku 'ya'yana da ƙannena na Ɗan Isa, da na sauran garuruwa da ƙauyukan da ke tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, abin da nake roƙo a gare ku shi ne ku ba ni aron dare talatin daga cikin dararen ƙuruciyarku. Ba kuwa daren duka nake nema ba, ɗan lokaci ne kawai bayan an idar da sallar isha'i, da wani ɗan lokacin kafin ladan ya kira asalatu, domin ku ɗaga kai ku dubi abin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya shimfiɗa bisa kawunanku, ku koyi sunayensa da tafiyarsa da lokutansa, har ku zama mutanen da in sun ce sun gani, to, lalle sun gani.

Kakanninku ba su ɗauki sanin taurari abin shagala ba, kayan aiki ne a wurinsu. Manomi yakan lura da ɓuyan taurarin Kaza da 'Ya'yanta a ƙarshen bazara, da sake ɓullowarta a gabas gab da asuba cikin watan Yuni, ya san sharar gona ta ƙare, lokaci ya yi da iri zai fito daga rumbu. Madugun da ke jan ayari zuwa kasuwar Shinkafi, da Ba'azbinen da ya taso da gishirin Bilma, sukan zaɓi tafiyar dare saboda zafin rana, ba su da ja-gora sai tauraro. Ladan kuwa, tun ba a san agogo ba, da matsayin taurari yake gane cewa sulusin dare na ƙarshe ya shiga. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, agogo da kalanda suka yawaita, rediyo ta biyo baya, yau kuma ga wayar hannu a aljihun kowa, sai buƙatar ta ragu, ilmin ya koma hannun tsofaffi ƙalilan, waɗanda duk shekara sai mun kai wasu daga cikinsu makwanci ba tare da mun tambaye su ba. Ba na aibanta waya ko agogo, ni'ima ce. Amma sanin da ke cikin na'ura yakan ɗauke ranar da caji ya ƙare, wanda ke cikin ƙirji kuwa yana tare da mai shi duk inda dare ya riske shi.

Kafin mu fita tsakar gida, wajibi ne in rarrabe muku abu biyu da jahilci ya cuɗanya. Akwai ilmin falaki da hisabi, watau sanin tafiyar rana da wata da taurari domin gane lokaci da alƙibla da hanya, wannan Alƙur'ani mai girma ya nuna halaccinsa, domin Suratul An'ami da Suratun Nahli sun ambaci shiryuwa da taurari, Suratu Yunus kuma ta ambaci manzilolin wata a matsayin hanyar sanin adadin shekaru da lissafi. Akwai kuma tanjimi, watau da'awar cewa tauraro kaza shi ke kawo arziki ko tsiya, ko aure ko mutuwa, wannan kuwa ɓata ne. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da gari ya waye Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mai imani, wanda ya jingina shi ga tauraro kuwa ya kafirce wa Ubangijinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubutu yana gargaɗin jama'a su nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari. Tauraro alama ce ta lokaci, ba shi da ikon saukar da ɗigon ruwa ɗaya.

Watan da na zaɓar muku shi ne Disamba, sa'ad da an gama kaka, hadari ya janye, dare ya yi tsawo, mafi hasken taurarin shekara kuma suna fitowa tun da sauran mutane a farke. Na san halin da ƙasarmu ke ciki, na san akwai garuruwan da dare ya zama abin fargaba saboda 'yan bindiga, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Don haka ban ce kowa ya fita bayan gari ba, tsakar gida ta wadatar, ko ƙofar masallacin unguwa in akwai aminci. Ku kashe tocila, ku kife waya, ku ba ido kamar minti 20 ya saba da duhu, domin kallo ɗaya na fuskar waya yana rushe wannan sabon gaba ɗaya. Ranar da hazon hunturu ya sauko, ku bar gefen sama ku dubi tsakiya, nan ƙura ta fi sauƙi. Kowa kuma ya nemi ɗan littafi da fensir, ya zaɓi wuri ɗaya da zai riƙa tsayawa kullum, ya sa kan rumbu ko zankon soro ko reshen darbejiya ya zama alamarsa. Ma'auninku yana jikinku: in mutum ya miƙe hannu sosai ya dunƙule shi, faɗin dunƙulen ya kai kamar daraja 10 a sama, daga gefen ƙasa zuwa tsakar ka kuwa daraja 90 ce.

Ku fara da jinjirin watan da ya fi kusa da shigowar Disamba. Bayan sallar magariba ta ranar 29 ga wata, ku tsaya tare da dattawa ku fuskanci inda rana ta faɗi. Za ku ga yadda tsoho ke yi: ba ya yawo da ido ko'ina, yakan tsai da shi a ɗan fili kaɗan bisa jan da rana ta bari, in ya hango sai ya dafa kafaɗar yaron da ke kusa, ya miƙe hannu ya ce masa ya bi tsawon hannun da kallo, daidai saman kukar can. Ku lura da siffarsa, domin a nan ake gane mai gaskiya: gefensa mai haske kullum yana fuskantar inda rana ta faɗi, ƙahonninsa suna juya mata baya, ba ya kuma daɗewa sai ya bi ta. Masana falaki sun tabbatar cewa ido ba ya riskar jinjirin da bai kai kamar sa'a 15 da haɗuwa da rana ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin maganar mutum ɗaya a ƙauye takan bi ta hannun hakimi da sarki har ta isa fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, miliyoyin mutane su ɗauki azumi ko su ajiye a kanta. Malaman mazhabar Malikiyya sun sharɗanta adilai biyu, ko jama'a mai yawa da ba za ta haɗu a kan ƙarya ba, har suka ce in an cika talatin bisa shaidar mutum biyu, sama tana garau, ba a ga wata ba, to, an ƙaryata su. Yaron da ya saba kallon jinjirin kowane wata ba zai ɗauki siririn gajimare ya kira shi Ramadan ba.

A dare na biyu da na uku za ku iske watan ya ɗaga, sauran jikinsa kuma yana bayyana dishi-dishi cikin ƙahonnin. Wannan hasken duniyarmu ne, wanda ta karɓa daga rana ta mayar masa. Ku auna watan da dunƙulen hannu daga wani tauraro, za ku ga kowane dare yana matsawa gabas da kamar daraja 13, fitowarsa kuma tana jinkiri da kusan minti 50. Yakan gama zagayen taurari cikin kwana 27 da sulusi, amma da yake rana ma ta gusa a wannan tsakanin, sai ya ƙara kwana biyu da 'yan sa'o'i kafin ya cim mata, shi ya sa wata yake kwana 29 da rabi, shekararsa take 354, azumi yake gurgusowa da kwana 11 duk shekara. Malaman hisabi sun kasa hanyar da yake bi kashi 28, su ne manziloli, suka ba kowane ɗaya kwana 13 na shekarar rana, in ban da Jabha da aka ba 14, aka tashi da 365. Da wannan lissafi ne tsofaffin manoma ke ƙidaya taurarin damina bakwai, Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne, waɗannan taurari ba su ganuwa sosai a damina, domin rana tana kusa da su. A Disamba ne suke jeruwa ɗaya bayan ɗaya tun daga isha'i har asuba, mai son saninsu ya san su.

To, ga jerin. Da duhu ya fara, ku dubi gabas ta wajen arewa kaɗan, za ku ga ɗan cincirindon taurari ƙanana, ita ce Kaza da 'Ya'yanta, malamai suna ce mata Surayya. Mai lafiyar ido yakan ƙirga shida ko bakwai, a tsakiyar Disamba kuma takan kai tsakar ka wajen ƙarfe 11 na dare. A ƙarƙashinta akwai tauraro ja-ja, shi ne Dabaran. Bayan isha'i sai taurari uku a jere, masu tazara ɗaya, su ɓullo, su ne ɗamarar Jauza'u, Haƙ'a kuwa wasu ƙanana uku ne a kansa. In kun bi layin ukun nan zuwa ƙasa, wajen ƙarfe 8 a tsakiyar Disamba, za ku ga wani fari fat yana tasowa yana walƙiya da launi iri-iri, shi ne Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro na dare haske, wanda kuma Suratun Najmi ta ambace shi da suna domin ta tuna wa masu bauta masa cewa shi ma yana da Ubangiji. Can kudu, idan dare ya raba, Suhailu yakan tsaya bisa gefen ƙasa da kamar dunƙule biyu da rabi, shi ne na biyu a haske. Mutanen Ingila ba su taɓa ganinsa daga ƙasarsu ba, ku kuwa ga shi a bayan ɗakinku. Daga arewa maso gabas kuma tagwayen Zira'a suna biye.

Waɗannan taurari suna da wani amfani da ya shafi sallarku kai tsaye. Mutane da yawa suna zaton duk inda rana ta fito nan ne alƙibla, alhali daga ƙasar Ƙauran Namoda Makka tana arewa da gabas ta sosai da kamar daraja 20. A Disamba kuwa rana tana fitowa kudu da gabas da kamar daraja 24, saboda haka wanda ya shimfiɗa buzunsa a gona ya fuskanci mafitarta a wannan watan ya kauce da fiye da dunƙule huɗu. Ɗamarar Jauza'u tana fitowa daga gabas ta sosai, tana faɗuwa a yamma ta sosai, ba ta saɓawa. Alƙiblarku kuma tana tsakanin mafitar Surayya da mafitar Dabaran. Wanda ya riƙe wannan ya yi guzurin da zai amfane shi a daji da tasha da baƙon gari.

Idan kuna rubuta lokacin da Shi'ira ke haye kan rumbunku kowane dare, za ku gano da kanku cewa yana riga jiya da kusan minti 4, ya tashi sa'a biyu a wata, saboda duniya tana gusawa a kan hanyarta ta kewaya rana. Ku yi tunani kuma a kan nisa. Haske yana cin kilomita 300,000 a sakan ɗaya; daga wata yakan iso mu cikin sakan ɗaya da ɗan kai, daga rana cikin minti 8 da sulusi, daga Shi'ira sai ya yi shekara 8 da rabi. Hasken Suhailu da za ku gani bana ya kamo hanya tun ba a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba a 1754, na Surayya kuwa ya taso fiye da shekara 200 kafin hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Duk wanda ya natsu da wannan lissafi, girman kai zai yi masa wuyar ɗauka.

Daren 13 da na 14 ga Disamba ku roƙi izinin iyaye ku jinkirta barci, ku lulluɓa da bargo ku kwanta rigingine, domin a lokacin ne ake ganin zubar taurari mafi yawa a shekara, suna fitowa daga wajen Zira'a suna tsaga sama ta kowace fuska; in wata bai yi haske ba, hazo kuma bai sauko ba, mai haƙuri yakan ƙirga gommai cikin sa'a ɗaya bayan tsakar dare. Hakikaninsu ɓarɓashin wani dutse ne mai kewaya rana, wanda aka gano a 1983, suna shigowa iskar duniya da gudun kilomita 35 a sakan su ƙone. Kada ku karɓi maganar masu cewa wani babban mutum ne ya mutu, domin Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wannan zaton jahiliyya. Wani lokaci babban dutse yakan tsira daga ƙonewa ya iso ƙasa, kamar yadda ya faru a Zagami ta lardin Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, inda wani mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona, daga baya masana suka tabbatar cewa daga duniyar Mirrihu ya fito.

Daren sha huɗu ga watan Musulunci kuwa, farin wata sha kallo, yakan fito daidai faɗuwar rana ya kwana a sama, a Disamba kuma yana sauka tsakanin Dabaran da Zira'a, ya hau har ya kusa tsakar ka. Husufin wata ba ya aukuwa sai a irin wannan dare, idan duniya ta shiga tsakaninsa da rana inuwarta ta rufe shi. Kusufin rana kuma ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata. Ku tambayi yayyenku labarin Laraba 29 ga Maris 2006, ranar da duhu ya rufe Gusau da Katsina da hantsi, bayan masana sun faɗi ranar da sa'ar tun da shekaru. Abin da sunna ta koyar a irin wannan hali shi ne salla da addu'a da sadaka.

Za ku kuma haɗu da wasu masu haske da ba su ƙyaftawa, ba su kuma tsaya cikin jerin da na lissafa ba. Waɗannan duniyoyi ne 'yan'uwan tamu, matsayinsu yana sauyawa shekara zuwa shekara, sai ku bi su da littafinku. Zara, wadda ake yi wa kirari da matar wata, ita ce Zuhura, ita ce kuma Gamzakin asuba, ba ta nisantar rana fiye da daraja 47, takan yi wata takwas ko tara a yamma, ta ɓuya, ta koma gabas. Mushtari fari ne mai natsuwa, yana shekara 12 kafin ya gama zagayensa, wanda ya sami tabarau mai jawo nesa zai ga 'yan watanninsa huɗu a jere. Mirrihu ja ne. Zuhalu kuwa sai ya yi kusan shekara 30.

Idan wata ya fara jinkirin fitowa, maraice ya koma duhu, ku dubi arewa da tsakar ka bayan isha'i, ko Allah Ya sa ku ga wani ɗan fari-fari mai kama da hayaƙi, wanda Abdurrahman as-Sufi ya rubuta labarinsa a 964. Tarin taurari ne da ake kira Andiromeda, haskensa ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Sauran kallon ku mayar da shi asuba. A nan za ku ga Banatu Na'ashi bakwai sun hau arewa; ku ja layi daga biyun farko, ku ninka tazararsu sau biyar, za ku faɗa kan Jadyu, tauraron arewa da ba ya barin wurinsa, wanda tsayinsa a garinku dunƙule ɗaya ne da ɗan ƙari, daidai da nisan ƙasarku daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. Ranar 21 ko 22 ga Disamba rana takan kai iyakarta ta kudu ta juyo, dare ya fi yini da kamar sa'a ɗaya da kwata. A ƙarshen watan Musulunci kuma sai ku ga tsohon wata ya rame yana fitowa gab da alfijir, ya ɓace kwana ɗaya ko biyu, ku koma yamma neman sabo.

Abin da nake fatan ku samu cikin wannan wata ya wuce sunayen taurari. Mai rubuta abin da ya gani kowane dare, wanda in hazo ya hana shi zai rubuta cewa bai gani ba, yana horar da harshensa ne a kan gaskiya, yana kuma koyon bambanta gani da zato da jita-jita, a zamanin da labarin ƙarya ke zaga gari ta waya kafin a gama alwala. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji. Ku je wurin tsofaffinku, maza da mata, ku durƙusa ku ce, Baba, ko Inna, yaya kuke kiran wancan, me kuke yi idan ya fito, ku rubuta yadda suka faɗa. 'Yan mata ma kada a bar su a baya, tsakar gida tasu ce, su ne kuma za su fara nuna wa 'ya'ya sama. Wanda Allah Ya buɗe wa ƙwaƙwalwa a lissafi, ya riƙe shi da kyau har kwalejin kimiyya ta Ƙauran Namoda, ko jami'ar Gusau, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, domin al'ummar da ke azumi da ganin wata, take salla da matsayin rana, tana da buƙatar 'ya'yanta masana falaki, masu tsoron Allah, waɗanda za a dogara da hisabinsu da shaidarsu.

Allah Ya ba ku ilmi mai amfani da ido mai lura da harshe mai gaskiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar wa ƙasar Zamfara da zaman lafiya, amin.